Dodon koɗi na ta mutuwa a ƙaramin tankin murjani: yadda za ka kamo mai kashe su mataki-mataki

Duk mai ƙaramin tankin ruwan gishiri, irin na lita 30 zuwa 80 ɗinnan masu murjani da kifi ɗaya ko biyu, ya san wannan abin haushin. Gansakuka ta fara rufe gilas, ka sayo dodon koɗi su share maka, bayan ɗan lokaci sai ka riƙa tsintar ɓawo wayam a kan yashi, alhali kifi garau suke, murjani ma a buɗe. Abinda mafi yawanmu ke yi shine a sake sayo wasu, su ma su bi sahu. Toh dan Allah ka dakata da saye tukuna. Abu na farko da za ka tambayi kanka shine yaushe suka mutu, a kwanakin farko ne, ko bayan sati huɗu zuwa takwas, ko kuwa sun daɗe lafiya lau sai rana ɗaya suka fara zubewa gaba ɗaya? Wannan lokacin shi zai nuna maka inda za ka duba, don kowane mai kisa da lokacin da yake zuwa.

Mataki na 1: ka tabbatar ma ya mutu

Dodon koɗi yana iya lafewa wuri ɗaya kwana ɗaya ko biyu ko motsi babu, musamman in sabon zuwa ne. Ka ɗauko shi ka juya shi ka duba bakin ɓawon. Akwai wani ɗan murfi mai tauri da yake ja ya rufe kansa da shi, in ka taɓa ka ga ya ƙara janyewa ciki toh da ransa. In murfin ya saki yana reto, naman ya zazzago, sai ka sansana. Wallahi ba sai an koya maka ba, warin mataccen dodon koɗi in ya bugi hancinka sau ɗaya ba ka ƙara mantawa. Mai rai ƙamshin ruwan teku kawai yake yi.

In ya mutu ka fitar da shi yanzunnan, kar ka ce bari ƙaguwa su cinye. Babban Turbo, wani irin dodon koɗi, guda ɗaya in ya ruɓe a cikin lita 40 ya isa ya tada amoniya, gubar da ke fita daga ruɓaɓɓen abu da kashin kifi, amoniyar ta kashe na biyu, na biyun ya ƙara ta, haka abin zai yi ta tafiya har ka rasa inda ya faro. Ka gwada amoniya, in ta nuna komai sama da sifili ka canja ruwa kamar kashi 25 cikin 100 da ruwan da ya yi daidai da na tankin a gishiri da ɗumi. Kar ka yar da ɓawon da sauri, ka duba shi a haske: a fashe yake, ko lafiyayye ne amma an kwashe naman tas, ko akwai yauƙi a jikinsa? Za mu dawo kan wannan a mataki na 5.

Mataki na 2: in a kwanakin farko suke mutuwa, gishiri ne ko yadda ka saka su

Nan ne aka fi yin ɓarna, shiyasa zan ɗan daɗe a kai. Kifi yana da hanyar daidaita gishirin jikinsa da kansa, ƙodarsa da matattarar numfashinsa suna wannan aikin. Dodon koɗin teku kusan ba shi da wannan, ruwan jikinsa bin na waje yake yi, in ƙarfin gishiri ya canja farat ɗaya jikinsa ko ya kumbura ko ya tsotse daga ciki. Kuma abin da ke ruɗa mutane ba nan take yake mutuwa ba, zai manne a gilas kwana biyu, ya faɗo, ka mayar da shi ya sake faɗowa, ranar ta huɗu ko ta biyar sai wari, kai kuma ka riga ka manta da yadda ka juye shi daga leda.

Ruwan teku gishirinsa kusan 35 ne cikin 1000, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, kuma tankin murjani ana riƙe shi tsakanin 1.025 da 1.026. Amma masu sayarwa da yawa suna ajiye ruwansu ƙasa da haka, ka iya tarar da 1.021, wanda kusan 28 ne cikin 1000. Ka ga daga 28 zuwa 35 tsalle ne babba. Don haka da ka buɗe leda abu na farko ka ɗiba ɗigon ruwanta ka auna, ka auna naka, ka san tazarar da ke tsakani.

Shi kansa ma'aunin sai ka tuhume shi. Wannan na robar mai allura da ke lilo, kumfa ɗaya in ta manne a allurar shikenan ya yi maka ƙarya, ga gishiri da ke bushewa a jikinsa. Rifraktomita, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa a karanta gishirin, ya fi, amma shi ma sai an saita shi, kuma da ruwan saiti na 35 ake saita shi, don in ka saita da tsurar ruwa wasunsu suna yin daidai a sifili su kauce a can sama inda kake buƙata. Akwai mutane da yawa da ke rantsuwa tankinsu 1.025 ne, ana aunawa da saitaccen abu a ga 1.029.

Yadda za ka saka su kuwa, ka ajiye ledar a rufe a saman ruwan tanki minti 15 zuwa 20 ɗumi ya daidaita. Sannan ka juye su da ruwansu a ƙaramin bokiti mai tsafta, ka jawo ruwan tanki da siririn tiyon iska, ka ɗaura ƙulli a tsakiyar tiyon yadda ruwan zai riƙa ɗiga kamar ɗigo biyu zuwa huɗu a sakan. In ruwan bokitin ya ninka ka zubar da rabi ka bari ya sake cika, ka auna, sai ya yi daidai da na tanki kafin ka ɗauke su, yawanci minti 45 zuwa awa ɗaya, in tazarar babba ce ya fi haka. A ɗaki mai sanyi ruwan bokiti na hucewa kafin a gama, ka lura da wannan. Ka ɗauke su da hannu ka ɗora kowanne a kan dutse ko ka riƙe shi a jikin gilas har ya kama da ƙafarsa, kar ka wurga su su faɗa duk yadda suka ga dama, kuma ruwan bokitin kar ya shiga tankinka.

Sai dai in aiko maka su aka yi suka kwana a hanya cikin leda, lissafin ya ɗan canja. Amoniya ta taru a ledar, amma saboda iskar da suka fitar ta sauke pH ɗin ruwan, wato ta ƙara masa tsami, amoniyar na zaune a siffar da ba ta da dafi sosai. Kana buɗewa iska ta shiga, pH ya tashi, dafin ya farka. A nan dogon ɗigo na awa biyu cutarwa ne. Abinda na fi so shine ka haɗa ruwa mai tsafta a gefe wanda gishirinsa ya yi daidai da na ledar, ka mayar da su ciki nan da nan, sannan ka yi ɗigonka a natse daga can.

Kuma a faɗi gaskiya, wasu da ciwonsu suke zuwa. An tsinto su daga teku, sun yi kwanaki a hanya, sun zauna a tankin da ba abinci, ko me ka yi ɗaya ko biyu na iya tafiya. Wajen saye ka zaɓi wanda ke manne gam a gilas yana tafiya, ka bar na kwance a ƙasa ko da an ce maka barci yake.

Mataki na 3: ƙaramin tanki baya zama wuri ɗaya

Wannan ci gaban maganar gishiri ne amma ta wata fuska. Tankin da aka rubuta lita 40, in ka cire dutse da yashi ruwan da ke ciki bai fi lita 30 ba. Ruwa na ƙafewa, gishiri baya bin sa, don haka in lita 2 ta tafi gishirin ya tashi daga 35 zuwa 37.5, kai kuma ka zo ka kwara lita biyun lokaci ɗaya ya faɗo ƙasa cikin minti ɗaya, kuma kullum haka ake yi. Ka sa alama da maka a jikin gilas ka riƙa cikawa kaɗan-kaɗan kowace rana, ko ka sa ɗan injin nan mai cika ruwa da kansa. Ruwan cikon kuma mara gishiri ne, wanda aka tace tas da na'urar tace ruwa ta RO/DI, ba ruwan gishiri ba, sababbin shiga suna yawan yin wannan kuskuren.

Ɗumi ka riƙe shi tsakanin digiri 24 da 26, ka sa ma'aunin zafi daban kar ka dogara da lambar jikin hita. Ka duba da asuba ka duba da yamma bayan fitila ta daɗe a kunne. Ruwa mai zafi iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce, da dare kuma gansakuka da murjani su ma shaƙa suke yi, in ka ga duk dodannin sun hau can sama sun jeru a bakin ruwa toh ka ƙara motsin saman ruwa, ka juya famfo ya riƙa karkaɗa shi. In an ɗauke wuta na awanni haka abin yake, ɗan famfon iska mai batir yana ceton tanki.

Mataki na 4: in bayan sati huɗu zuwa takwas ne, yunwa ce ko irin da ka saya

Akwai wata tsohuwar magana da ake yawo da ita wai dodon koɗi ɗaya ga kowace galan, wato kowace lita 4 kusan. A ganina wannan ƙa'idar mai sayarwa kawai take yi wa amfani. Sabon tanki yana yin wata ƙura-ƙura ruwan ƙasa a yashi da gilas, mutum ya tsorata ya zuba guda goma sha biyar, cikin sati biyu su lashe komai tas, mai tanki na murna, su kuma daga nan azumin dole ya fara. Dodon koɗi baya ramewa ka gani don ɓawo ya rufe shi, sai dai ka ga tafiyarsa ta ragu, yana yawan faɗowa, in ka ɗaga shi ba nauyi kuma naman ya shige can ciki. In ka kara fuska a gilas lokacin da mai lafiya ke kiwo za ka ga bakinsa na buɗewa yana rufewa, wani ɗan harshe mai kaushi na kankarar gilas, yana barin sawu a bayansa mai lanƙwasa kamar zanen yaro. In gilas ɗinka ƙal yake ba inda zai bar wannan sawun, toh me yake ci?

Ni shawarata a tankin lita 40 ka fara da uku ko huɗu ƙanana, ka jira sati biyu, in gansakuka ta fi ƙarfinsu ka ƙara biyu. Ka bar gilas na baya kar ka kankare shi. In abinci ya yi ƙasa ka ɗaure ɗan yankin busasshen ganyen teku, wanda ake kira nori, mara mai mara kayan ɗanɗano, a jikin ƙaramin dutse da roba, ka ajiye kusa da su da dare, da safe ka cire abinda ya rage.

Sannan ba kowane kore ne abinci ba. Gansakuka mai gashi in ta yi tsawo yawancinsu ba sa iya ci, sai ka tsige ta da hannu ta gajarce tukuna. Bryopsis mai kama da gashin tsuntsu kusan ba mai taɓa ta. Jan yauƙin nan da ke shimfiɗa a yashi shi ma yawanci kewaye shi suke yi. Mutum zai ce ai tankina cike yake da gansakuka ta ina yunwa, alhali abinda ke ciki ba cimarsu bane.

Irin da ka saya ma magana ce. Dodannin da ake kira Margarita daga ruwa mai sanyi ake kamo su a gaɓar Fasifik ta wajen Kalifoniya, a digiri 25 ko 26 a hankali suke ƙarewa, ba laifin ruwanka bane, tun farko bai kamata su shiga tankin murjani ba. Babban Turbo na Meziko shi ma baya son zafi sosai, ga ci kamar me, ga ture murjani, ƙaramin tanki baya iya ciyar da shi. Astraea mai kiwo ne nagari amma in ya faɗo ya kife a kan yashi da ƙyar yake iya juyawa, in ba ka gani ka juya shi ba nan zai mutu ko ƙaguwa ta riga ka. Nerite ɗan bakin gaɓa ne, hawa sama ɗabi'arsa ce, sai ka tsince shi a bushe a bayan tanki in ba murfi. Nassarius kuwa ba ma mai cin gansakuka bane, ragowar abincin kifi da mushe yake ci, kuma in ka gan shi a kan gawar wani dodon ba lallai shi ya kashe ba. In ni ne zan cika ƙaramin tanki, Trochus da Cerith zan ɗauka, Trochus yana jure ɗumin tankin murjani kuma yana iya juya kansa, Cerith ƙanana ne suna shiga lungu da cikin yashi.

Mataki na 5: in ɗaya bayan ɗaya suke ɓacewa, akwai mai farauta

Ka nemi tocila mai jan haske, awa biyu bayan fitila ta mutu ka zo ka zauna gaban tankin shiru. Wanda aka fi kamawa ita ce ƙaguwar nan mai aron ɓawo, musamman in ta girma gidanta ya matse ta, sai ta kashe dodo ta shige nasa, ɓawon Cerith kam suna matuƙar so. Ka zuba musu ɓawo wayam masu girma daban-daban, ka riƙa ba su ɗan abinci, in abin ya ƙi ka zaɓa tsakanin su da dodanni. A tanki ƙarami ni ban ga dole a ajiye su ba.

Ɓawo a fashe ko da huda, kuma kana jin wani ƙas-ƙas da dare, ka zargi jatan landen mantis da ya ɓuyo a cikin dutse, ko ƙaguwa mai gashi mai baƙin bakin ƙugiya. Gawa a lulluɓe da yauƙi kamar majina, wannan aikin wata doguwar tsutsa ce mai ruwan lemo, Oenone fulgida. Akwai kuma wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa mai faɗi da ke fitowa da dare ta lulluɓe dodo. Kwalba mai ɗan nama a ciki a jingine da dutse tana kama ƙaguwa, sauran kuwa sau da yawa sai an fitar da dutsen da suke ciki.

Ka juya masu ran ma ka duba gefen bakin ɓawo. In ka ga wasu fararen abubuwa masu tsini, milimita 2 zuwa 5, a jere, waɗannan ƙananan dodanni ne masu tsotson jinin manya. Ka goge su da tsohon buroshin haƙori a cikin kwano daban, har da ɗan yauƙin ƙwansu, ka maimaita duk bayan kwana biyu-uku na tsawon makonni. Kifi kuma irin puffer, trigger da manyan wrasse ba a haɗa su da dodon koɗi.

Mataki na 6: in tsofaffi da sababbi suka zube tare, guba ce

Na farko jan ƙarfe. Adadin da ake sa wa kifi a matsayin magani ya wuce abinda dodon koɗi zai iya ɗauka nesa ba kusa ba, har ɗan abinda ƙaramin kayan gwaji baya iya gani yana kashe su. Ta ina yake shiga? Ruwan famfo da ya bi bututun jan ƙarfe, mahaɗin tiyo na tagulla, tanki ko dutsen hannu da aka taɓa yin maganin kifi a ciki, ruwan ledar kifi daga tankin da ake sa magani. Ka ciro duk wani abu mai maganaɗisu, magogin gilas, mariƙin famfo, cikin famfon kansa, ka duba ko robar ta tsage tsatsa na fita. Audugar tace ruwa ta Poly-Filter tana komawa shuɗiya in akwai jan ƙarfe, kuma tana tsotse shi, in kana son tabbaci ka aika ruwan ɗakin gwaji a yi masa gwajin ICP, mai gano ƙarafan da ke cikin ruwa. In dutsen ne ya sha maganin, gara ka canja shi.

Na biyu daino, wato wannan yauƙin ruwan ƙasa mai zare-zare da ƙananan kumfa a jiki, da safe kaɗan ne, fitila na daɗewa yana ƙaruwa. Wasu irinsa, musamman Ostreopsis, suna da dafi, dodo ya ci ya yi lakwas ya faɗo ya mutu. Yana yawan fitowa ne a tankin da aka tsotse naitiret da fosfet, sinadaran da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, suka koma sifili, don haka masu gasar ruwa ƙal-ƙal su yake kamawa. Ka sa sabon gawayin tace ruwa, ka zuƙe yauƙin da tiyo, ka bar naitiret ta hau kamar 5 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1, duka a lissafin miligiram cikin lita, ka kwashe dodannin zuwa wani wuri in kana da shi. Fitilar UV, na'urar da ruwa ke bi ta cikinta haskenta ya kashe ƙwayoyin da ke ciki, tana aiki a kan Ostreopsis saboda da dare yana tashi ya shiga cikin ruwa, amma sai an duba a madubin ƙara girma kafin a san ko shi ne. Kar ka ƙara ko dodo ɗaya sai ya wuce.

Sai magniziyam, wani sinadari da ke cikin gishirin teku. Na teku kusan miligiram 1300 ne a lita, wasu kan tura shi 1600 ko sama don yaƙi da Bryopsis, dodanni kuma sai su yi laushi kamar an yi musu allurar barci su kasa kama gilas. Ka tuna duk abinda ka zuba a satin, har da maganin sauro ko turaren fesawa a ɗakin, da man shafawa ko sabulu a hannunka. Alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, pH 7.8 zuwa 8.3, waɗannan in sun yi ƙasa ɓawo ne ke zaizayewa a hankali, ba kasafai suke kisan gaggawa ba, don haka kar ka ɓata lokaci a kansu kafin ka gama da na sama.

Mataki na 7: gwaji kafin ka sake cikawa

Bayan ka gyara abinda ka gano, ka bar tankin sati biyu gishiri da ɗumi na zaune wuri ɗaya, amoniya da naitirait, gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama, ba naitiret ba, duka sifili. Sannan ka sayo Trochus biyu kacal, ka auna ruwan ledarsu, ka yi musu ɗigo, ka ɗora su a dutse. Ka rubuta ranar. Kullum da safe ka ƙirga su, ka ga ko sun canja wuri, wanda ya kife ka juya shi. In sun yi wata ɗaya suna yawo suna barin sawu a gilas sai ka ƙara biyu in da abincin da zai ishe su. In kuma sun mutu cikin kwana uku duk da ɗigon da ka yi daidai, ka koma mataki na 6 kai tsaye ka aika ruwan gwaji.